Mutumin da Ya Fito a Hoton Sunan Zubaida

Gwiwa,
24 ga Maris, 2004.

Zuwa ga Yaya Jalaluddeen mai hoto, Kazaure.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Bahijja da yara. Yaya kuke fama da zafin nan? Mu nan da sauƙi, in ban da ƙurajen zafi da suka feso wa jaririya a wuya.

Ƙila sai ka yi tunani kafin ka gane ni. Khadijat ce, jikar Goggo Saude, ƙanwar kakanka. Rabona da kai tun zaman makokinta, ranar da ka ce na zuba wa miyar sadaka gishirin shekara guda. Ba zan yi maka ƙarya ba, ba zumunci ne ya sa na ɗauki biro ba, damuwa ce.

Allah ya sauke ni lafiya, mace, an sa mata Zubaida. Maigidana Malam Muhammadu Lawal tela, ka yafe mini kama suna, don ka gane ne, ya haura arba'in bai taɓa ganin ɗan kansa ba. Matarsa ta fari har ta rasu ba ta haihu ba. Murna ta sa ranar suna ya ɗauko Musaddiƙ, mai hoton nan da ke yawo ƙauyuka a babur, ya ce a ɗauki kowa, har tukunyar tuwo.

Da hotunan suka zo, Musaddiƙ bai ko buɗe ambulan ba, ya miƙa a ƙofar shago inda maza ke zaune. Kafin ni in gani, rabin unguwa ya gani.

Yaya, akwai guda ɗaya. Ina zaune a tabarma riƙe da yarinya, Malam yana tsaye a damana. A bayana kuwa, inda babu komai sai bangon ɗaki, ga mutum tsaye, ya gicciya sanda a kafaɗa. Ana hango bangon ta cikin ƙirjinsa. Ƙafafunsa ba su kai ƙasa ba, sun ɓace a cikin zanina. Mijina ne na fari, Abu ɗan Inno ta Roni, wanda na yi wa takaba shekara uku da wani abu da suka wuce. Ba ni kaɗai na ce shi ne ba, duk wanda ya san shi da ya kalla sai ya yi salati.

Tun ranar gidan nan bai koma daidai ba. Masu zuwa barka sun ɗauke ƙafa. Wata da muke ɗebo ruwa tare ta fizge hannun ɗanta da ya zo taɓa Zubaida, a gaban idona. Cewa ake marigayi bai yarda da auren ba, ya zo karɓar abinsa. Yayar Malam ta zo har tsakar gida tana cewa a mayar da ni inda aka ɗauko ni tun kafin a yi asarar rai. An yi hayaƙi, an sha rubutu, ni dai ban ga abin da ya sauya ba.

Shi Malam bai ce mini komai ba, kuma wannan ya fi damuna. Yana cin abincina, yana ɗaukar 'yarsa, amma a shago yake kwana.

Ina son zaman gidan nan, Yaya. Ban taɓa faɗa wa kowa haka da bakina ba, kai ma don a takarda ne. Bayan wahalar da na sha, nan ne na fara barci har in yi mafarki mai daɗi. Ga hoton nan da baƙin fim ɗin da aka wanko shi daga ciki, na ba Salisu direba. Aikinka ne, ka duba ka faɗa mini ko mene ne wannan.

Ƙanwarka,
Khadijat.

Gwiwa,
25 ga Maris.

Yaya Jalalu,

Gaisuwa kuma. Ka yi haƙuri da gaggawa. Salisu ya riga ya wuce, wannan wata mai kai kuka da kuɓewa kasuwarku zan ba, Allah ya sa ta same ka da wuri.

Musaddiƙ biyu ya wanko na hoton, ɗayan yana hannuna. Yau na fita da shi rana na ƙura masa ido. Hannun hagun da ke kan sanda yatsu uku ne, yadda igiyar bijimi ta bar masa tun yana saurayi. To wannan na sani. Amma akwai furfura a gemunsa, kuma da baƙin gemu ya bar gida. Ya rame. Rawanin da ke kansa irin na Buzaye ne, bai taɓa naɗa irinsa ba.

Yaya, matacce yana tsufa ne?

Abin da ban faɗa maka jiya ba, babu wanda ya ga gawarsa. Da shanunsa suka ƙare ya tafi neman aiki arewa, can gaba da Agadas. Wani ne ya dawo da hularsa ya ce ya rasu a hanya.

Don girman Allah, duk abin da ka gano, ni kaɗai za ka faɗa wa.

Khadijat.

Kazaure,
26 ga Maris, 2004.

Zuwa ga taubashiyata Khadijat, mai gishiri,

Wa alaikumus salam. Yo ni zan manta da ke? Har yau harshena bai huce ba. Barka da arziki, Allah ya raya Zubaida, ya sa ta fi uwarta iya miya. Mu nan lafiya ƙalau, Bahijja tana gaishe ki, ta ce ki riƙa shafa wa ƙurajen farar hoda.

Salisu ya kawo saƙonki jiya da la'asar. Na ɗaga fim ɗin a hasken ƙofa, wallahi dariya na yi har abokin aikina ya leƙo. Kwantar da hankalinki, ƙanwata. Babu fatalwa, babu aljani, babu wanda ya taso daga kabari. Sakarcin Musaddiƙ ne kawai.

Bari in yi miki bayani. Fim kamar allo yake. In aka yi rubutu ba a wanke ba aka sake wani a kai, duka biyun za su fito a cakuɗe. Su Musaddiƙ suna da wata ɗabi'a, in sun ɗauki hotuna aiki ya yanke, sai su naɗe fim ɗin su bar ɗan harshensa a waje, su jefa a jaka, wai sai an samu mai zuwa wanki. To sabon fim ma da harshensa a waje yake zuwa. Ranar sunanku ya lalubo wanda ya riga ya ci, ya ɗauka sabo ne, ya ɗora ku a kan mutanen da ke ciki.

Ku fuskar mutum ce ta tsorata ku, ba ku duba sauran da kyau ba. A hoton da mata ke rabon tuwo akwai ƙahon sa yana fitowa daga cikin tukunya. A na Kawunki, ƙafar raƙumi ce ta ratsa babbar rigarsa, shi kuwa yana ta washe baki. Ga buhunan gero, ga wata babbar mota mai lambar Nijar. Karar shanu ce ta Babura, na san wajen kamar tsakar gidanmu.

Na aika aka kira mini Musaddiƙ, ya zo yana sosa ƙeya. Ya ce haka ne, ya ci kasuwar Babura kafin sunanku, ya yi ta neman fim ɗin bai gani ba. Ga kuma abin da zai rufe bakin kowa: fim ɗin nan a shagonmu ya saye shi, da hannuna na miƙa masa bayan Babbar Sallar da ta wuce. Ke nan mutumin da ke bayanki, wata biyu da suka wuce yana tsaye da ƙafafunsa a Babura, da ransa da lafiyarsa, yana gyara tsayuwa a ɗauke shi. Shi kuwa marigayi, Allah ya jiƙansa, kin ce ya shekara uku a ƙasa. Wani bawan Allah ne mai kama da shi. Ni da nake kallon fuskoki tun safe har yamma, na sha ba mutum hoton wani ya karɓa ya yi godiya.

Da yake bai kamata in rubuto wa matar aure in tsallake maigidanta ba, na yi wa Malam Lawal tasa takardar daban, na zayyana masa komai. Na ce ya karanta wa duk mai surutu, kowa ya ji kunya ya koma barka.

In kin yi arba'in ki zo Kazaure in ɗauke ku da kaina, kyauta, ba raƙumi a ciki.

Yayanki,
Jalaluddeen.

Gwiwa, gidan Kawu,
3 ga Afrilu.

Yaya Jalaluddeen,

Ina gaisuwa. Muna nan da rai. Zubaida tana ɗan zawo, sauyin ruwa ne, don yanzu ba a gidan ubanta muke ba.

Ashe takardata ta biyu ba ta same ka ba. Ko ta same ka ka ga wasa ne? Ka kashe ni, Yaya. Da hannunka mai kyau, da dariyarka, ka kashe ni.

Da Malam ya karanta taka, ya shigo gida da sauri har yana tuntuɓe da turmi. Rabon da in ga haƙoransa tun ranar suna. Ya ce, "Maman Zubaida, Allah ya wanke mu! Ashe mutum ne mai rai!" Na ce ya tsaya, ya ba ni in gani. Ina! Ya riga ya fice. Bayan sallar la'asar ya tsaya a ƙofar masallaci ya karanta wa jama'a tun daga sallama har sa hannu. Aka yi ta dariyar ƙahon sa a tukunya.

Kawu bai yi dariya ba. Shi ya ɗaura mini auren fari, shi ya kai wancan wajen mai ɗori ranar da igiya ta cinye masa yatsu. Ya ce a ɗauko masa hoton daga gida. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Lawal, sake karanta wajen da ya ce wata biyu." Malam ya sake. Kawu ya ce, "Kama tana kaiwa fuska, ban taɓa jin ta kai yatsu ba." An ce Malam ya nemi gefen dakali ya zauna.

Aka aika Roni aka nemo mutumin da ya kawo hular. Da aka matsa masa sai ya ce shi bai ga fitar rai ba. A bakin wata rijiya suka bar shi kwance ba ya ko ɗaga ido, mota ba ta jira, kowa ya ce ba zai kai dare ba. Hular ma a cikin motar ta faɗi. A kan wannan na yi wata huɗu da kwana goma ban shafa mai ba.

Liman ya kira mu. Ya ce da a ce ɓacewa muka kai gaban alƙali tun farko, ya yanka mini wa'adi na cika, aka ɗaura na biyu, da ko na farin ya dawo ba shi da magana. Amma mu labarin mutuwa aka kawo mana, muka karɓa a tsakar gida, ba shaida ba hukunci. Matar da aka yi wa haka, in mijin ya bayyana da rai, tasa ce, ko ta haifi goma a wani gidan. Zubaida dai 'yar Malam ce halak, wannan ya ce kada kowa ya taɓa. Amma ni da Malam sai mu nisanci juna har a san gaskiya.

Ban ma san me zan kira shi ba yanzu. Shekara uku ina cewa marigayi.

Ga abin da nake roƙo. Kai kaɗai ka ce fim ɗin na bana ne. Ka zo ka ce ka sake dubawa, tsohon fim ne da ya shekara biyar a jakar Musaddiƙ, tun kafin wancan ya bar ƙasar. Wa zai musa maka? Duk garin nan babu wanda ya san harshen fim daga wutsiyarsa. Ban taɓa roƙon kowa ya yi mini ƙarya ba, yau na roƙa.

Khadijat.

Kazaure,
8 ga Afrilu.

Ƙanwata Khadijat,

Na gaishe ki, ya mai jiki? A ba ta ruwan gishiri da sukari, kada a yi wasa da zawo a zafin nan.

Takardarki ta biyu sai shekaranjiya ta iso. Matar ta manta da ita a ƙasan kwandon kuka, da ta kawo duk ta yi kore. Na karanta a tsaye. Wallahi da ta riga, da na haɗiye harshena. Tun ranar ko abinci ba na jin ɗanɗanonsa.

Abin da kika roƙa ba zai yiwu ba, kuma ba don na fi ki tsoron Allah ba. Musaddiƙ ya riga ya ba da labari a kowane ƙauye da baburinsa ya tsaya, har da cewa da sefa, kuɗin Nijar, mutumin ya biya shi. Sannan Kawu ya zo shagon nan da kansa, a zafin nan, da tsufansa. Ya ƙi zama. Ya ce, "Jalalu, tsakaninka da Allah, na bana ne?" Na ce na bana ne. Ya ce to, ya juya. Ko ruwa bai sha ba.

Amma ki saurare ni. Mutumin da ya zo har Babura, tafiyar da ba ta kai yini ba zuwa Roni, bai leƙa uwarsa ba, bai neme ki ba, ai ya riga ya haƙura. Ƙila ma yana da iyali a can. Zan je ranar kasuwa in nemo shi, in sa ya furta saki gaban shaidu. Ki yi idda, a sake ɗaura muku da Malam, magana ta mutu. Ni na ɓata, ki bar ni in gyara.

Jalaluddeen.

Gwiwa,
12 ga Afrilu.

Yaya,

Zawon ya tsaya, mun gode Allah.

Kada ka je Babura. Na ce kada ka je. Ka karanta wannan layin sau biyu, tunda na ga kana da saurin hannu.

Malam ya koma wajen Liman ya tambaya, in ba a same shi ba fa? Liman ya ce to akwai hanya. In kai kuka gaban alƙali cewa shekara biyar ba ci ba sha ba sutura daga gare shi, a yi cigiya, in bai bayyana ba alƙali ya raba. In yi idda, a mayar da aurena. Zai ɗauki lokaci, amma hanya ce. Kai ba ka san wancan ba, ni na zauna da shi shekara shida. Mutum ne da in ya saki abu da kansa ya saki, amma in aka ce masa saki, sai dai a yanke hannun. Haka ya rasa yatsun.

Malam yana zuwa kullum da yamma. Ba ya shigowa. Ana miƙa masa Zubaida a zaure, ya yi ta yi mata magana kamar babba. Jiya ya kawo mata riga da ya ɗinka da ragowar yadi, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, shi da bai taɓa kuskuren awo ba.

Ka zauna a shagonka, don Allah.

Khadijat.

Kazaure,
9 ga Mayu.

Khadijat,

Ina gaisuwa, ina fatan kuna lafiya ke da yarinya. Na san shirun ya yi yawa. Na fara takardar nan ya fi sau nawa ina yagawa.

Saƙonki ya same ni a kan lokaci, ba zan laɓe bayan mai kuka ba a wannan karon. Na karanta sau biyu yadda kika ce. Sai na ga hanyar alƙali za ta ci watanni kina zaune gidan Kawu, ga cigiya da za a yi ko ta yaya, ni kuwa ina ganin zan gama a yini ɗaya. Na je.

Kasuwa biyu ban same shi ba. A ta uku wani dillalin shanu ya kalli hoton ya ce, "Wannan ai Buba ne mai yatsu uku, yana koro mana shanu daga tsallaken iyaka." Ya nuna mini wata rumfa a ƙarshen kara. Yana zaune shi kaɗai yana jiƙa ƙanzo a kwano. Ya fi yadda ya fito a hoto tsufa, haƙoransa na gaba babu.

Na yi sallama, na miƙa masa hoton. Ya goge hannu a riga ya karɓa. Bai kalli kansa ba sam, ke ya kalla. Can ya ce, "Namiji ne ko mace?" Na ce mace. Ya ce, "Allah ya raya."

Ya ba ni labari ba tare da na tambaya ba. Buzaye ne suka tsince shi a bakin rijiyar, ya yi wata da watanni bai san inda kansa yake ba. Da ya tashi ya yi musu kiwo, daga nan ya wuce gaba ya yi aikin lambu, aka kama su ba takarda aka rufe. Bara da kaka ya sauka Babura da niyyar kwana ɗaya ya wuce gida. A tasha ya ji wasu mata 'yan Gwiwa suna hirar matar Lawal tela mai ciki, wadda mijinta ya mutu a sahara. Ya ce sai ya ja rawani ya rufe fuska, ya bar motar ta tafi. Hoton kuwa ya ɗauka ne don in ya mutu da gaske a samu abin kai wa Inno.

Na ce masa to Malam Abu, tunda ka yi wannan haƙurin, ka cika shi. Ga dillali ga mai shayi, su zama shaidu, kalma ɗaya ce.

Ya daɗe yana juya ƙanzon da yatsa. Ya ce, "Su sun san ina nan?" Na ce sun sani. "Inno ma?" Na ce har ita, an ce tun ranar take zaune a ƙofar gida. Sai ya sa kuka, Khadijat, babban mutum, a tsakiyar kasuwa.

Da ya share fuska ya ce, "Da ina matacce na haƙura, don ban ga amfanin in tashi in rushe mata gida ba. Kullum ina ganin motar Gwiwa tana lodi, ina kau da kai. Yanzu kai ka zo har rumfata ka kira ni da sunana. Shanuna sun tafi, ƙarfina ya tafi, ka ga bakina. Abin da ya hana ni mutuwa a rijiyar nan ita ce. Ban sake ta ba. Ba zan iya buɗe baki in ce na sake ta ba."

Na roƙe shi. Na ambaci yarinya, na ambaci Malam, na durƙusa a cikin kashin shanu, dillalin ma ya sa baki. Abu ya ce in tashi kada in ɓata wandona. Ya ce zai sallami maigidan shanun, ya je ya gai da Inno, daga nan ya zo wajen Kawu.

Ban san abin da zan ce miki ba. Kin faɗa mini, ban ji ba.

Jalaluddeen.

Gwiwa,
6 ga Yuni.

Yaya Jalalu,

Bayan gaisuwa. Muna lafiya. An yi ruwan shuka, kowa yana gona, gidan Kawu daga ni sai kaji. Zubaida ta fara juyawa da kanta.

Ya zo. Da Inno suka zo, tana riƙe da gefen rigarsa kamar za a ƙwace mata shi. Na leƙa ta tsagar ƙyaure. Na ɗauka zan tsane shi, Yaya, na shirya tsanar tun da na karanta takardarka. Da na ga yadda yake tauna goro da gefen baki sai na ji tausayi ya kama ni, na koma ɗaki na yi kuka, ban san ko wa nake yi wa ba.

An zauna gaban Liman, aka je gaban alƙali, magana ɗaya ce. Kawu ya roƙe shi, dagaci ya roƙe shi. Malam da kansa ya tashi a gaban mutane ya ce masa ya ɗauki keken ɗinkin da gonarsa ta bakin rafi. Wancan ya ce shi ba sayarwa ya zo yi ba. Zan zauna nan har in yi tsarki daga auren Malam, sannan a kai ni Roni. Zubaida tana hannuna har yaye, daga nan ubanta ya karɓi abarsa.

Jiya Malam ya kawo kayana a amalanke. Shi ya ɗaure, shi ya sauke, bai bar kowa ya taya shi ba. Ya jera kwallayena a zaure yadda suke a ɗakina, manya a ƙasa ƙanana a sama. Ya karɓi yarinya ya riƙe har aka kira magariba. Da zai tafi ya ce wa bango, ba ni ba, "A riƙa rufe mata kai in za a fita, ba ta son iska."

Ban riƙe ka a zuci ba. Na so in riƙe, na ga ba ni da ƙarfin. Kai dai ka faɗi abin da ka gani ne.

Abu ɗaya nake so. Fim ɗin yana wajenka. Na tuna ranar Musaddiƙ ya ɗauke mu mu uku ya fi sau biyar, don Malam yana ta rufe ido, kuma ba duka aka wanko ba. Ka duba mini, in akwai guda ɗaya da muka fito ni da shi da yarinya, ba kowa a kanmu, ka wanko mini ƙarami wanda zai shiga cikin ɗankwali. In ta girma a gidan da ba na nan, a samu abin nuna mata cewa mun taɓa zama wuri ɗaya.

A gai da Bahijja.

Ƙanwarka,
Khadijat.

Kazaure,
10 ga Yuni.

Ƙanwata,

Na gaishe ki. Allah ya ba ki haƙuri, ya raya Zubaida.

Na rufe shago na bi fim ɗin ɗaya bayan ɗaya, da gilashin ƙara girma. Bakwai ne kuka fito ku uku. Biyu shanu sun rufe ku, ɗaya mota ce a kan fuskar Malam. Sauran huɗun Abu ne a kanku, don shi ma Musaddiƙ ya yi ta maimaita masa. Na kai Kano wajen waɗanda suka fi ni, suka ce abin da ya hau kan fim tare ba ya rabuwa.

Babu ko ɗaya, Khadijat.

Jalaluddeen.